Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Dattawan Hausawa na Makka, Madina da Jidda Kan Ladabtar da Yaranmu a Makaranta da Wurin Aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu dattawa, masu unguwanni da malaman hadda, da iyayenmu mata masu riƙe da gidaje, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Mu 'ya'yanku ne da ƙannenku. A cikinmu akwai masu koyarwa, akwai masu kula da tarbiyyar ɗalibai, akwai kuma masu zama a ofisoshin ma'aikata na kamfanoni. Abin da ya sa muka rubuto muku shi ne yadda maganar horon yaro ta rabu gida biyu a tsakaninmu. A makarantar gwamnati da wurin aiki komai a rubuce yake: laifi kaza, hukunci kaza, sa hannu a nan. A gidajenmu da wuraren karatunmu na yamma kuwa, hukunci yana bin zafin zuciyar babba ne a ranar. Yau yaro ya fasa kofi a zane shi, gobe ya yi fashin makaranta a ce ƙuruciya ce. Yaron da ya taso a haka bulala kawai yake tsoro, takarda ba ta dame shi ba. A ƙasar nan ta Saudiyya kuwa takardar ce ke raba yaro da makaranta, ta raba saurayi da aiki, wani lokaci har ta raba shi da ƙasar baki ɗaya.

Mu fara da makaranta. Ma'aikatar Ilimi tana da kundi mai suna Ƙawa'idus Suluki wal Muwazaba, wanda ya tsara ɗabi'ar ɗalibi da zuwansa makaranta. Bai ware kowa ba. Ɗan Hausawin da kakanninsa suka zama 'yan ƙasa da ɗan mai iƙama, wato takardar izinin zama, da ya zo shekaranjiya, awo ɗaya ake yi musu. Kowane ɗalibi yana da maki 100 na ɗabi'a da maki 100 na zuwa makaranta. A cikin na ɗabi'a, 80 ana ba shi su tun ranar farko, daga cikinsu ake zabtarewa idan ya yi laifi. Sauran 20 ɗin sai ya nema da kansa ta hanyar ayyukan kirki da makaranta ta shaida. A mutawassiɗ da sanawi, wato ƙaramar sakandare da babba, laifuffuka hawa biyar ne. Hawa na farko ana cire maki 1, na biyu 2, na uku 3, na huɗu 10, na biyar 15.

Ku lura da tsallen da ke tsakanin hawa na uku da na huɗu, domin a nan ne yaranmu suka fi faɗawa ba tare da sun sani ba. Makara da safe, barci a aji, cin abinci malami na koyarwa, waɗannan na hawan farko ne, kuma ba a cire maki a karon farko. Malami zai yi wa yaro magana a keɓe, ya maimaita, sannan a rubuta yaro ya sa hannu, sai daga baya a sanar da uba. Gudu daga aji da tayar da hayaniya suna hawa na biyu. Zagin ɗan'uwa da shigo da sigari cikin jaka sun haura. Amma da zarar yaro ya tsallake katanga ya bar makaranta, ko ya ɗauki abin wani, ko ya ji wa wani rauni da gangan, ko ya ɗauki hoton ɗalibai da waya ba izini, ya shiga manyan laifuffuka, inda kwamitin makaranta ke zama, a kira uba, a rubuta ta'ahhudi, wato alƙawarin ba za a sake ba, har a iya sauya masa aji ko makaranta. Hawa na ƙarshe ya ƙunshi makami, ƙwaya, lalata da yara, cinna wuta, jabun takardu da izgili ga addini. Wannan ba ya tsayawa a ofishin mudir, wato shugaban makaranta, jami'an tsaro ake kira.

Akwai wani laifi da ya kamata mu dube shi da idon basira, domin mu ne muke haifar da shi: yaro ya sa hannu a madadin ubansa. Da yawa daga cikin iyayenmu suna jin Larabcin kasuwa sarai, amma karanta takardar ofis wani abu ne daban. Yaro ya kawo takarda, uba ya ce ajiye sai anjima, ko ya tambayi yaron me aka rubuta. Wanda aka rubuta ƙararsa shi ne tafinta! Sai ya ce taron iyaye ne kawai. Kwana biyu ya gane cewa babu mai dubawa, sai ya fara zana sa hannun da kansa. Ran da aka gano, laifin makara ya koma laifin ha'inci.

Haka nan maganar lambar waya. Saƙonnin makaranta suna tafiya ne zuwa lambar da aka shigar a tsarin Nur, wato shafin intanet na Ma'aikatar Ilimi mai riƙe bayanan ɗalibai, ranar rajista. Sau da yawa lambar ta maƙwabcin da ya taimaka da rajistar ce, ko ta mai shagon kwamfuta, ko tsohon layi da aka yanke. Tun da aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021, irin su Sabil da Karantina da Gulail, iyalai da dama sun watse zuwa wasu unguwanni, an sauya gida an sauya layi, amma ba a koma makaranta an gyara ba. A wajen makaranta saƙo ya tafi, an sanar da uba. A wajen uba kuwa shiru lafiya. Gyaran wannan bai fi minti goma ba a ofishin wakilin makaranta, wato mataimakin shugaba, uba ya je da katinsa.

Yanzu ga fashi, wanda shi ne ya fi komai yawa a cikinmu. Kowace rana da yaro ya ƙi zuwa ba uzuri karɓaɓɓe, maki ɗaya ya tafi. Tun shekarar karatu ta 1445, wato 2023, ma'aikatar ta tsaurara matakan. Kwana 3, gargaɗin farko, a tura yaro wajen mai kula da tarbiyya. Kwana 5, gargaɗi na biyu, a sanar da uba. Kwana 10, a kira uba ya zo da ƙafarsa ya sa hannu. Kwana 15, maganar ta bar makaranta ta koma ofishin ilimi, ana iya mayar da yaron wata makaranta. Kwana 20, sai a ɗauko Dokar Kare Yara ta 2014, wadda ta lissafa yanke wa yaro karatu cikin nau'o'in sakaci da cutarwa. A nan wanda za a tuhuma uba ne ko mai riƙon yaro.

Kwana ashirin ba su da wuyar cika. Makaranta Lahadi zuwa Alhamis ce, kuma Alhamis ta zama kamar ranar hutu a gidaje da yawa. Ƙara da kwana biyu kafin hutu da kwana biyu bayansa. Ƙara da bikin 'yar uwa, kamu da walima da rakiyar amarya, ƙara da suna. Ƙara da yarinyar da ake ce wa ta zauna ta yi rainon ƙannenta domin uwa ta fita nema. Kafin a kai rabin shekara an wuce goma. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da makaranta ke karɓa a matsayin uzuri. Rashin lafiya ma sai da rahoton asibiti da aka shigar a na'ura, irin wanda ake gani a manhajar Sihhati. Yaron da ya kwana uku da zazzaɓi aka sayo masa magani a kanti, a idon makaranta fashi ya yi. Idan kuma tafiya gida ta kama, Kano ko Damagaram ko Sakkwato, to a sanar da makaranta a rubuce kafin a sayi tikiti, kuma a daidaita tafiyar da kalandar hutu.

Ranku ya daɗe, akwai abin da kuka saba yi da kyakkyawar niyya, wanda muke roƙon a sauya masa lokaci. Idan yaro ya ɓallo ruwa, sai a tara dattawa biyu ko uku, a sa manyan riguna, a tafi ofishin mudir ban haƙuri. A zauna a kujeru, yaro yana raɓe a bakin ƙofa kansa a ƙasa, a kawo gahawa a ƙananan kofuna, a yi gaisuwa mai tsawo. Mudir ya saurara da ladabi, sannan ya juyo muku da fuskar kwamfuta ya nuna jerin ranaku da sa hannu, ya ce abin ya riga ya wuce ofishin ilimi. Ba wulaƙanci ya yi muku ba. Ba shi da ikon goge abin da aka shigar, kuma idan ya goge shi za a tuhuma. Kimar furfurarku tana aiki ne a gargaɗin farko da na biyu, lokacin da magana ke hannun malami da mai kula da tarbiyya. A lokacin ne kundin ya buɗe ƙofar ramuwa, inda yaro zai iya dawo da makin da aka cire ta hanyar gyara halinsa da shiga ayyukan makaranta. Dattijon da ya raka uba a kwana na biyar ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan tawagar da ta zo a kwana na ashirin.

Kundin bai tsaya kan ɗalibi kaɗai ba, ya ɗaure hannun malami ma, kuma ya dace iyaye su san wannan. An hana malami duka kowane iri. An hana shi rage makin darasi saboda rashin ɗa'a, wato ba zai cire wa yaro makin lissafi don ya yi surutu ba. An hana shi hana yaro cin abincin tara, ko yi masa izgili a gaban aji, ko hukunta aji guda saboda laifin mutum ɗaya, ko sa yaro ya kwafi aiki sau barkatai da sunan horo. Uban da ya ga an yi wa ɗansa ɗaya daga cikin waɗannan yana da damar rubuta ƙorafi. Abin da ba shi da dama shi ne ya je ya ci kwalar malami a bakin ƙofa, domin taɓa ma'aikaci a bakin aikinsa magana ce ta kotu.

To, mu dawo gida, wajen da iko yake hannunku. Mun san karin maganar da za a kawo mana, cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba mu musa ba. Amma mu duba abin da bulala ke koya wa yaro a zahiri. Tana koya masa cewa laifi yana ƙarewa da zarar zafi ya huce, ba ya bin mutum zuwa gobe. Tana koya masa ya karanci fuskar malami maimakon ya san doka. Kuma ba ta da hawa: wanda ya manta aya da wanda ya saci takalmi a bakin masallaci, dorina ɗaya ce, sai dai yawan bugu. Yaron da ya saba da wannan, idan aka miƙa masa takardar gargaɗi sai ya ji kamar ya tsira, tunda ba a taɓa jikinsa ba. Bai san cewa wannan takardar ana ƙirga ta ba.

Ban da haka, shatar bulala a bayan yaro ba ta ɓuya. Ranar motsa jiki za a gani, kuma ma'aikacin makarantar da ya gani doka ta wajabta masa ya kai rahoto. Akwai layin 1919 na rahoton cin zarafi a cikin gida, akwai 116111 na taimakon yara, kuma yaran yanzu sun haddace su. Malamin haddar da ya zane ɗan mutane yana jefa kansa da masallacin da ya ba shi wuri cikin matsala, ko da uban yaron ne ya ce masa nama naka ƙashi nawa. Izinin uba ba ya kare kowa a gaban mai bincike.

Abin da muke ba da shawara shi ne kowane wurin karatu na yaranmu ya rubuta dokarsa a takarda ɗaya, Hausa a fuska ɗaya Larabci a ɗaya, a karanta wa uba da yaro ranar shiga, su sa hannu. Kada dokokin su wuce goma, domin abin da ya yi yawa ba a riƙe shi. Sannan a sayi littafi mai layi, a ja masa gida huɗu: kwanan wata, abin da ya faru, matakin da aka ɗauka, sa hannu. A gidan abin da ya faru a rubuta aiki, kada a rubuta hali. "Ya zo bayan an fara da minti ashirin" magana ce da za a iya tabbatarwa. "Ba shi da kunya" zagi ne kawai, kuma shi ke kawo rigima da iyaye.

Matakin farko nasiha a gefe, ba a gaban 'yan uwansa ba. Na biyu a rubuta a littafi yaro ya sa hannu. Na uku a kira uba ko uwa a waya cikin kwana biyu, malami da kansa, kada a aiki yaron da saƙon. Na huɗu a dakatar da shi kwana uku tare da ba shi shafukan da zai yi bita a gida, ranar dawowa ya zo da babba ya kawo haddar. Kora ita ce ta ƙarshe, kuma kada mutum ɗaya ya yanke ta. A zauna mutum uku, malamin da abin ya shafa ya faɗi nasa ya fita, yaro ya faɗi nasa, sannan a yanke. Wannan sauraron yaron shi ne abin da muka fi sakaci da shi. Sau tari yaron da ke barci a karatu ba raini ba ne, ya kai ƙarfe biyu na dare yana taya wani tsaron shago. Mai yawan makara kuma wataƙila shi ke kai ƙannensa uku makaranta kafin ya wuce. Idan ba a tambaya ba, za a yi ta hukunta yaro a kan abin da babba ya ɗora masa.

Laifi ɗaya, hukunci ɗaya. Idan malami ya hukunta, kada uba ya sake sabon hukunci a gida a kan abu guda, ya isa ya nuna wa yaro cewa bakinsu ɗaya da malam. Ƙananan laifuffuka kuma a yafe su a ƙarshen zango, yaro ya buɗe sabon shafi, domin wanda ya san ba zai taɓa wankuwa ba ba ya ƙoƙarin gyarawa. Malami shi ma a rubuta nasa: ba ya aiken ɗalibi kasuwa, ba ya keɓewa da yaro ɗaya a ɗaki a rufe, idan ya karɓe waya ba ya buɗe ta, a hannun uba zai mayar. Abu uku kuma ba sa bin wannan tsani ko kaɗan: taɓa mutuncin yaro, makami, da ƙwaya. Waɗannan a kai su ga hukuma ranar da aka sani. Mun san nauyin da ke cikin wannan magana, mun san ana cewa a rufa asiri don zumunci. Amma rufin asirin da ke barin mai lalata a tsakiyar yara, asirin wa aka rufa?

Waya tana buƙatar magana ta daban, domin a nan ne wasan yara ke zama shari'a. Dokar laifuffukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya ko ya ɓata masa suna ta hanyar na'ura. Yara biyu suna dambe a bayan makaranta, na uku ya ɗauka ya saka a TikTok ko Snapchat, to wannan na ukun yana iya fin masu damben shiga uku. Dokar hana tsangwama da neman lalata ta 2018 ta kai ɗaurin shekara biyu da tarar riyal 100,000, kuma idan abin ya faru a wurin karatu ko wurin aiki, ko aka yi wa yaro, tana kaiwa shekara biyar da riyal 300,000. Saƙon waya ma yana cikin lissafi. Ƙarancin shekaru yana sassauta hukunci amma ba ya hana a tsare yaro a Darul Mulahaza, gidan da ake ajiye yara masu laifi. Duk uban da zai saya wa ɗansa waya, ya zaunar da shi ya faɗa masa waɗannan lambobin kafin ya miƙa masa kwalin.

Ɗalibanmu na jami'a, musamman waɗanda suka zo da tallafin karatu Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda ke karɓar 'yan ƙasashenmu tun bayan kafa ta a 1961, ko Ummul Ƙura a Makka, nasu a taƙaice yake. Wanda fashinsa ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na laccocin darasi, an haramta masa jarabawar wannan darasin. Wanda matsakaicin makinsa ya faɗi ƙasa da 2 cikin 5 zai fara karɓar gargaɗi, idan suka jeru sai kora. Iƙamarsa kuma a hannun jami'a take, don haka korar karatu ita ce korar zama. Abin da ke jawo wannan sananne ne: hidimar alhazai da 'yan Umara, rakiya kasuwar zinare da dabino, tafinta a masauki. Idan baƙonku ya sauka, ku tambayi ɗalibin ko yana da lacca kafin ku ɗora masa.

Sai aiki. Mun san matsin da ake ciki. Tun Yulin 2017 aka sa wa mai iƙama kuɗin kowane mutum da ke ƙarƙashinsa, aka fara da riyal 100 a wata, ya kai 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya biyar, lissafin ya kai riyal 2,400 kowane wata kafin a ci abinci. Shi ya sa ake tura yaro ya nemo, musamman a azumi da lokacin Hajji. Amma ɗan da ke ƙarƙashin iƙamar ubansa ba a yarda ya yi aiki ba sai an mayar da shi ƙarƙashin mai ɗaukar aiki bisa ƙa'ida. Baƙon da aka kama yana sana'ar kansa ba izini, tarar farko tana kai riyal 10,000 tare da tarhil, wato mayar da shi ƙasarsa. Ribar sayar da ruwa da tura keken tsofaffi na kwana goma ba za ta biya wannan ba, kuma yaron da aka haifa a Shara Mansur ta Makka aka sauke shi a filin jirgin Kano, bai san kowa ba, Hausarsa ma rabi Larabci ce, kun san halin da yake shiga. Dokar ƙwadago ta hana ɗaukar wanda bai kai 15 ba aiki, wanda bai kai 18 ba kuma ba ya wuce awa shida a rana, ba ya aikin dare.

Wanda ya samu aiki bisa ƙa'ida zai tarar da tsanin da ya baro a makaranta yana jiransa, sai dai yanzu albashi ake zabtarewa. Hukunce-hukuncen da doka ta yarda wa kamfani su ne gargaɗi, tara, jinkirta ƙarin albashi ko ƙarin girma har zuwa shekara ɗaya, dakatarwa ba biya, sannan kora. Tarar laifi ɗaya ba ta wuce albashin kwana biyar, kuma ba a cire fiye da na kwana biyar a wata ɗaya don biyan tara. Ba a hukunta mutum sau biyu kan laifi guda. Ba a tuhumarsa da laifin da aka gano fiye da kwana 30 da suka wuce. Kafin hukunci mai nauyi sai an sanar da shi a rubuce, an ji ta bakinsa, an rubuta. Saurayin da bai san waɗannan ba, za a ci haƙƙinsa yana godiya.

Kuskuren da samarinmu suka fi yi guda biyu ne. Na farko ƙin sa hannu a takardar gargaɗi, da tunanin cewa idan bai sa ba takardar ta mutu. Ba ta mutu ba, za a aika ta adireshin da ke fayil ɗinsa ta zauna daram. Abin da ya fi shi ne ya karɓa, ya rubuta a ƙasa cewa ya karɓa amma bai yarda ba, ya riƙe kwafi, ya shigar da ƙorafi a rubuce ba tare da ɓata lokaci ba. Na biyu shi ne zuciya. An faɗa masa magana mai zafi, sai ya ajiye makulli ya tafi gida ya kashe waya. Ko ya tafi hutu gida ya ƙara sati uku da bakinsa, ya ce ai ya gaya wa mai gidansa a WhatsApp. Sashe na 80 na dokar ƙwadago ya ba kamfani damar korar wanda ya yi fashin fiye da kwana 15 a jere, ko fiye da kwana 30 a rarrabe cikin shekarar kwantiragi, bayan gargaɗi a rubuce, kuma ba sisin sallama. Kuɗin sallamar nan ba ƙarami ba ne: rabin albashin wata na kowace shekara a shekaru biyar na farko, cikakken albashin wata na kowace shekara bayan nan. Ga baƙo kuma akwai rahoton gudu daga aiki, wanda ke ɓata masa zama. Duk wanda aka zalunta, hanyarsa ita ce ofishin sulhu na ma'aikatar ƙwadago, idan ba a daidaita ba sai kotun ƙwadago, kuma kada ya bari wata 12 su wuce bayan rabuwa da aikin. Kafin duk wannan, ya buɗe Ƙiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago, ya karanta kwantiraginsa kafin ya danna amincewa. Direbobin gida da masu aikin gida tsarinsu daban ne, kada a auna su da wannan.

Roƙonmu gare ku, iyayenmu, bai da yawa. Kafin a koma makaranta a ƙarshen Agusta, ku ba mu zama ɗaya a kowace unguwa bayan Isha'i, na maza daban na mata daban, domin makarantun 'yan mata iyaye mata ne ke shiga. Za mu zo da sabon bugun kundin, tunda ma'aikatar takan sabunta shi, mu karanta shi da Hausa sashe sashe, a naɗi muryar a raba ta waya ga wanda bai samu zuwa ba. Kowane uba ya zo da wayarsa da lambar katin kowane ɗa, a duba Nur a wurin a ga lambar da ke ciki. Ku kuma ku zaɓi mutum biyu a unguwa, namiji da mace, masu karanta Larabcin ofis kuma masu riƙe sirri, waɗanda duk wanda takarda ta zo masa zai kai musu a ranar, su raka shi makaranta idan ta kama. Malaman hadda kuma su zo da littafi mai layi, za mu ja gidajen tare.

Allah ya ƙara girma, ya raya mana zuri'a.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wasu daga cikin 'ya'yanku malamai da ma'aikata mazauna Makka, Madina da Jidda